Doña Herlinda da Bangon da Ta Sa Aka Fasa

Ranar Talata, 13 ga watan Oktoba, 2009, da hantsi, Allah ya karɓi ran Doña Herlinda Sarmiento a gidanta da ke ƙauyenmu na San Bartolo, tana da shekara saba'in da takwas. Ina tsaye gaban allo a babban ɗakinta lokacin da 'yarta Ofelia ta leƙo, ta ce mini a hankali, "Malama, Inna ta tafi." Kafin in samu abin da zan gaya wa ɗalibaina, ƙararrawar coci ta riga ni.

Doña Herlinda, ke zan yi wa magana, domin ban saba ba da labarinki a bayan idonki ba.

Makarantarmu irin wadda darasi ke zuwa mata ta talabijin ce. Dish ya kamo shi daga tauraron ɗan Adam, mu kalla tare, sannan in kashe in ɗora bayani da aiki. A daminar bara gefen dutse ya zabtaro ya danne rufin makarantar. Aka kira taron gari, aka tambayi inda za a sa yara, kowane magidanci ya sunkuyar da kai yana juya malafarsa. Ke kika dogara sanda kika miƙe, kika ce, "Babban ɗakina yana nan. Masara ce kawai a ciki, ita kuwa ba ta da jarrabawa." Aka yi dariya. Washegari aka kwashe masarar, aka ɗora dish a kan rufinki.

Tun daga ranar, babu ɗalibin da ya zauna a aji da yunwa. Kafin su iso kin dama kunun masara, kin gasa tortilla, wato gurasar masara, kuma kin san waɗanda suka taho daga rugagen nesa cikin raɓa, su kike fara miƙa wa kofi. Ba ki taɓa shiga aji a rayuwarki ba, amma kullum kina bakin ƙofa kina ɓarar masara kina sauraro. Ban manta ranar da malamin cikin talabijin ya faɗi lokacin shukar wake ba, kika ɗaga murya kika ce masa, "A garinku dai, ɗana." Sai da na tsayar da darasi yara suka gama dariya.

Da rani ya shigo, ɗanki Abundio, wanda ke aikin gona a Amurka, ya aiko da sababbin wayoyi da siminti, domin tsofaffin wayoyin gidan sun sale, har tartsatsi suke yi. Aka kira gayya kamar yadda aka saba. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Don Filemón, compadre ɗinki, wato mutumin da ya riƙe Abundio a wurin baftisma, shi kuma comadre yake ce miki. Ya yi gini shekaru a Amurka, kuma ya zage ya nuna abin da ya iya. Ya binne duk wayoyin a cikin bango, ta wuta da ta dish, ya shafe da siminti sumul, ya yi fenti shuɗi. Na ga kin shafa bangon da tafin hannu kin daɗe. Kika ce tunda kike ba ki taɓa zama a ɗaki mai santsin bango ba.

Safiyar Litinin bayan an gama aikin na kunna talabijin. Tashar labarai tana nan, tashar da ake nuna dabbobin teku tana nan, amma tashar darasi ta ɓace. Baƙin allo kawai.

Ba ƙaramin abu ba ne. Mai duba makarantu ya riga ya faɗa mana tun bayan zabtarewar dutsen cewa zai dawo kafin hutun Ista, in ya tarar darasi ba ya iso mana, za a haɗe mu da makarantar garin da ke can ƙasan kwari. Kowa ya san ma'anar haka. Tafiyar ta yi wa yara nisa, iyaye ba za su sake su ba. Yara mazan za su koma gona ko su bi 'yan'uwansu ƙetare, matan su zauna gida, karatun ya ƙare ke nan.

Na yi duk abin da na sani. Na sa dikoda ta sake neman tashoshi, na cire na mayar, na goge kan dish ɗin, na duba ko iska ta karkatar da shi. Mazan gari kuwa kowa da nasa bayani: wannan ya ce hazo ne, wancan ya ce tauraron ne ya gusa, wani ya ce daga birni aka yanke mana. Ke ce kika ƙi yarda mu zauna jira. Kika ce, "Malama, kafin aikin nan yana yi, bayan aikin nan ba ya yi. Ki ci gaba da nema." Daga ƙarshe muka hau da talabijin da dikoda kan rufi, na haɗa su da dish ɗin kai tsaye da guntuwar waya. Nan take darasin lissafi ya fito tangaram. Ashe matsalar tana cikin bango.

A nan ne kowa ya ja baya. Aikin gayya kyauta ce, ba a kushe ta, balle a ɓaɓɓake ta. Compadre kuma ba mutumin da ake tsayawa gabansa a ce ya yi kuskure ba ne. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malama, ki rufa mana asiri. In aka taɓa bangon nan, Filemón ba zai sake taka gidan nan ba har ya mutu." Na kawo shawarar a sayo doguwar waya daga birni a zuro ta ta taga. Kika girgiza kai. "Wato duk mai wucewa ya ɗaga ido ya ga tutar gazawar compadre na tana lilo a jikin gidana? A'a. Yaran nan za su yi karatu, shi ma ba zai ji kunya ba."

Ban ga yadda za a haɗa biyun ba, sai da kika sa Ofelia ta shirya kwando: burodi, cakulan, kyandir da kwalbar giyar gargajiya ta mezcal, daidai yadda ake zuwa roƙon mutum ya zama uban baftisma ko uban biki. Kika ce in raka ki. Ƙafafunki a kumbure suke, sai da muka huta a hanya fiye da sau ɗaya, amma kika ƙi a kira shi ya zo. Mai roƙo shi ke takawa, in ji ki.

Da Don Filemón ya ga kwandon sai ya cire malafa, yana murmushi.

"Comadre, wa za a yi wa baftisma kuma? Ko akwai labarin da ba a gaya mini ba?"

"Compadre, tsufa dai bai hana bakinka ƙaiƙayi ba. Bango na zo nema wa uba."

"Bango?"

"Ɗakin nan ya zama makaranta, an yi masa sabon aiki, ba a sa masa albarka ba. Kai nake so ka zama ubansa. Uba kuwa, in ɗansa ba shi da lafiya, shi ke fara ɗaga guduma."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi kwandon, ya dube ni, ya dube ki.

"Guduma, comadre? A bangon da na shafe da hannuna?"

"To da hannun wa kake so a fasa shi? Na wani?"

Ba a mayar da kwando irin wannan, ya sani, kin sani. Can ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Ba sai an fasa duka ba. Na san wurin."

Da muka koma gidanki, a gaban mutane ya kunna kyandir, ya zuba wa bangon ɗan mezcal, ya nufi kusurwa ɗaya ya buga. Daga ramin ya zaro wani ɗan ƙarfe mai baki uku, irin wanda ake raba wayar eriya da shi. Shi ne ya raba ƙarfin abin da dish ke kamowa gida biyu, tashoshi masu ƙarfi suka tsira, tamu ta mutu. Sai a lokacin ya faɗi abin da ya ɓoye. Shi da Abundio suka ƙulla a asirce: ya ja reshen waya zuwa ɗakin kwananki, Abundio zai aiko da ƙaramar talabijin, domin likita ya ce ba da daɗewa ba ƙafafun za su kwantar da ke. So suke ki samu abin ɗebe kewa.

Na ce akwai irin ƙarfen da ya dace, in an je birni ana iya samu, a gwada. Kika ce ba za a yi gwaji da karatun yara ba.

"Cire reshena, compadre. Waya ɗaya, daga rufi zuwa aji."

"Comadre, kwanciya fa za ki yi. Me za ki riƙa kallo?"

"Ina da kunne. A bar mini ƙofa a buɗe kawai."

Ya haɗe wayar, ya ɗaure, na kunna. Darasi ya dawo. Kika sa aka yanka talotalo, kuma duk wanda ya shigo cin abinci sai kin gaya masa cewa uban bango ne ya gano ciwon ya warkar da shi. Ba ƙarya kika yi ba. Don Filemón ya fita gidan kansa a ɗage. Da mai duba makarantu ya zo, ya tarar da aji cike ana darasi, ya bar mana makarantarmu.

Farkon damina kika kwanta, kamar yadda likita ya faɗa, ba ki sake tashi ba. Ƙofar ta zauna a buɗe. In yara suka yi surutu, daga gado kike buga sanda a ƙasa, aji ya yi tsit.

Yanzu babban ɗakin ba namu ba ne na 'yan kwanaki. Bisa al'ada, gicciyen da aka zana da farar ƙasa yana shimfiɗe a inda aka kwantar da ke, da furanni da kyandirori, har a cika kwana tara na addu'a. Wasu sun ce a rufe makaranta sai an gama makoki. Ofelia ta ƙi. Washegarin binne ki, ita da Don Filemón suka ciccibo talabijin zuwa baranda, a can muke darasi, mata suna addu'a a ciki, mu muna lissafi a waje da ƙaramar murya.

Amma ba za mu dawwama a gidan mutane ba. Ofelia tana da iyali, ta yi mana haƙuri fiye da shekara, rufin makarantarmu kuma har yau rabi ne. Muddin muna zaman aro, maganar haɗe mu da makarantar ƙasan kwari ba ta mutu ba. Saboda haka na roƙi taron gari, kuma an amince: gayya kowace Lahadi har a gama. Ni zan bi gida gida in tunatar, wanda ya ɓuya zan jira shi a ƙofa. Kafin ruwan baɗi ya sauka, yaran San Bartolo za su zauna ƙarƙashin rufinsu. Wannan alkawari ne na ɗauka, Doña Herlinda, kuma na rubuta shi a nan domin kowa ya riƙe ni da shi.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa ta har abada, haskensa ya haskaka miki. Ofelia, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alherin jinyar da kika yi. Abundio, wanda hanya ba ta ba shi damar zuwa ya ɗauki gawar mahaifiyarsa ba, Allah ya sanyaya zuciyarka a can inda kake. Ka sani an ɗauke ta da mutunci, kuma ubanka na baftisma ne ya riƙe gaban akwatin a madadinka. Jikoki da dangi da Don Filemón, Allah ya ba mu jimirin wannan rashi baki ɗaya.

Wanda kuma yake so ya yi wa ɗalibanta ta'aziyya, ya same mu ranar Lahadi da safe a filin makaranta. Ya zo da shebur. In ba shi da shi, bokiti ma ya isa.