Ranar da Gwaggo Ta Ɗinke Kanta

Gwaggona, yayar babanmu, ita ce malamar ɗinkin hannu a makarantar sakandaren da na yi. A gida Gwaggo ce, a aji kuwa in na kuskura na kira ta haka sai ta dube ni kamar ba ta taɓa ganin mai kama da ni ba. Ɗalibai sun sa mata suna Malama Warware, don duk ɗinkin da ka kai mata, sai ta kama ƙyallen da hannu biyu ta ja. In ya yi murmushi, wato zare ya leƙo, kalma ɗaya za ka ji: "Warware."

Ɗakinta na ƙarshen baranda, kusa da famfo. Tebur dogo, kwalin ƙyallaye, almakashi ɗaya ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa. Nan ta tsufa tana koya wa yara maza da mata yadda allura ke komawa baya kafin ta ci gaba, don ɗinki ya riƙe. Ba ta da 'ya'ya, ba ta da wata hira sai ta ajin nan. Ni kam haushinta nake ji, kuma ina sonta, duka a lokaci guda.

Shekarar da muka shiga ajin ƙarshe idonta ya fara yin yana, ganinta ya ragu. Babanmu ya yi magiyar duniyar nan a je asibiti, ta ce idonta garau, shi ne dai ya tsufa. Amma sai ta ƙirƙiro sabuwar doka: kowane darasi zai fara da gasar zura zare a kafar allura, wanda ya riga kowa kuma allurarsa ta zama ta Malama. Ɗinkinmu ma da babban yatsa take duba shi yanzu. Mu dai muka yi kamar ba mu gane ba.

Sai aka kawo sabon firinsifal, mutum mai son zagaye, wanda ya riga ya mayar da tsofaffin malamai biyu ɗakin ajiya suna gadin alli. Kowa ya san in ya gano idon Gwaggo, ajin ya tafi ke nan, ita kuma raba ta da ajin nan daidai yake da raba ta da numfashi.

Ran nan ya shigo ba sallamar kirki, ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Gwaggo ta zauna a kujerarta, ta ɗora ƙyalle a cinya, ta hau ɗinki tana bayani da murya mai daɗi wadda mu ba mu taɓa ji ba. Wata yarinya a layin gaba da muke kira Rediyo, saboda bakinta ba ya hutawa, ta zungure ni. Na duba. Allurar Gwaggo na cin ƙyallen har da doguwar rigarta. Rediyo ta raɗa wa na kusa da ita wani abu, raɗa ta zagaya aji, kowa ya sunkuyar da kai ya duƙufa.

Gwaggo ta miƙe za ta ɗaga ƙyalle a gani, riga ta biyo shi. Ta ja, ya ƙi. Ɗinkinta ne fa, ko jaki ba zai raba shi ba. Ta tsaya riƙe da shi.

Rediyo ta tashi, ƙyalle na reto a siket ɗinta. "Malama, na gama nawa."

Sai aji ya miƙe gaba ɗaya, kowa da ƙyalle manne a cinya, maza a wando, mata a siket.

Firinsifal ya ce, "Wannan kuma wane irin darasi ne?"

Rediyo ta ce, "Faci ne, ranka ya daɗe, ba tare da mutum ya tuɓe ba. In kaya ya yage a hanya."

Ya shafa aljihunsa da ya ɗan ɓarke, ya gyaɗa kai. Ya ce irin ilimin da yake nema ke nan, mai amfani a rayuwa, ya fita yana yaba wa Gwaggo.

Ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta juyo ba. "Tun yaushe kuka sani?"

Wani yaro a baya ya ce, "Tun gasar allura, Malama."

Ta zauna. Tausayinta ya sa na kau da kai.

Da aka tashi muka kama hanyar gida, ƙyallen na nan a rigarta yana kaɗawa, mutane na kallo. A bakin titi ta kama hannuna, ta riƙe gam har muka tsallaka.

"Ki ce wa babanki gobe ya kai ni asibitin idon nan," in ji ta. "Amma ki ce ke kika matsa min."