Igiyar da Na Ɗaure a Jikin Jirgi

Da ƙarya na bar Kontagora, gara in fara da wannan. Na gaya wa mahaifina zan je Auna gaida ƙanwarsa, in yi kwana bakwai in dawo. Gaskiyar maganar ita ce ruwa nake son gani. A lokacin ba a daɗe da tare kogin Kwara da madatsa a Kainji ba, muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, kuma duk direban da ya tsaya shan shayi a tasha sai ya kawo labarin tafkin da ya shanye garuruwa, wai ba a hango ƙarshensa. Ni kuwa iyakar karatuna aji bakwai. Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa da karanta musu a bakin gidan waya, kuma ban da wannan babu abin da na iya kamar cika baki.

Kawuna tsohon soja ya ara mini jakarsa ta goyo, mai maɗauri biyu. Na zuba bargo, da buta, da riga biyu, da ƙuli-ƙuli, na ƙi shiga mota saboda na riga na gaya wa abokaina da ƙafa zan je. Bazara ce. Kafin in kai Ibeto ƙafafuna sun yi bororo, amma ban taɓa jin daɗin duniya kamar a kwanakin nan ba. Da hantsi in yi tafiya, rana ta take in kwanta ƙarƙashin mangwaro in sha wanda ya faɗo, wanda na tarar a gona ya miƙo mini kunu ba tare da ya tambayi ko ni wane ne ba. Kusa da Salka na haɗu da matan Kambari, kowacce da kayanta a kafaɗa kamar yadda suka saba. Suka tsaya suna kallona, ɗaya ta ce da Hausarta mai daɗi, “Yau ga namiji da goyo! Ina uwar yaron?” Suka yi ta dariya har na ɓace musu.

Kwana ɗaya na yi wa gwaggona a Auna, na wuce. Da na hau wani tudu na ga ruwan, sai na sauke jaka na zauna. Direbobi ba su yi ƙarya ba.

A wata tunga ta masunta na ga mutumin da ya zama maigidana. Bagunge ne, cikin mutanen da asalinsu tsibiran kogin ne, ya ba hamsin baya, gajere mai faɗin ƙirji. Na gan shi ya fito daga ruwa da tulun ƙarfe a bayansa, da gilashi a fuska, da takalmin roba irin ƙafar agwagwa. Lokacin aikin madatsa ya yi wa Turawa masu nutso hidima, ya koya a wurinsu, da za su tafi suka bar masa tulu biyu. Duk mako jirgin inji yakan kai su can wajen madatsa a cika su da iska. Aikinsa shi ne kwance ragar masunta daga itatuwan da ruwa ya binne.

Na gaishe shi, na ce ina son in koya.

Ya ce, “Ka iya ruwa, ɗan birni?”

Na ce, “Haba Baba, a rafin Kontagora babu wanda ya kai ni.”

“Rafin da ake tsallakewa da wando a naɗe?”

Ya sa aka tura jirgi kaɗan daga gaɓa, ya ce in nuna masa. Na faɗa. Abin da na tuna shi ne hannunsa a wuyan rigata da ruwan da nake amayarwa. Bai kore ni ba, don mai riƙe masa igiya ya koma gona, yana neman wani. Ya ce, “Ƙarya ɗaya na yafe. Ruwa ya riga ya hukunta ka.”

Ya ba ni ɗaki a gidansa. Kowace safiya yakan koya mini iyo, daga baya ya fara goya mini tulun a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, in durƙusa in yi numfashi ta tiyo. Ya koya mini in toshe hanci in hura idan kunne ya fara ciwo. Ya ce idan ana hawowa ba a riƙe numfashi, kuma ba a wuce ƙaramar kumfar da ta fita daga bakin mutum. Shi Kirista ne, ran Lahadi ba ma fita, sauran ranaku kuwa shi ke duban rana ya ce, “Malam, azahar ɗinka ta yi,” ya karkata jirgi gaɓa.

Amma aikina na ainihi igiya ne. Bakinta ɗaya a ƙugunsa, ɗayan a hannuna, ina zaune a jirgi. In ya ja sau ɗaya, lafiya. Sau biyu, in sakar masa. Sau uku, akwai matsala, in yi shirin jawo shi. Kowane ja kuma sai na maida masa irinsa, don ya san na ji. Ya ce shi shekara uku ya yi yana wannan kafin a bar shi ya sauka. Ni a raina na rena aikin. Ina ganin mai ilimi kamata ya fi ƙarfin zaman riƙon igiya kamar mai kiwon akuya.

Akwai tsohuwarsa a gidan, wadda kowa ke kira Kaka. Ƙauyensu na ainihi yana ƙarƙashin ruwa, ba nisa da tungar. Ranar da aka tashe su mota ta cika, aka bar mata dutsen niƙanta a tsakar gida, wanda ta gada daga uwarta. An sayo mata wani, ta ce yashi yake zuba wa tuwo. Da bazara, idan ruwa ya ja baya ya kuma yi garau, ana ganin kan tsamiyar gidansu ya leƙo. Maigida ya sauka ya ga dutsen, amma bayansa ba ya barinsa ya ɗaga shi ya zura igiya. Wata rana ya ce mini, “In ka natsu, kai za ka ɗauko mata, ni in riƙe maka. Sai dai kafin ruwan damina ya zo, don in ya zo ko tafin hannunka ba za ka gani ba.” Tun daga ranar ba ni da wani buri.

Sai na ɓata abin da hannuna.

Wata ranar kasuwa maigida yana ƙasa yana fama da wata raga, sai ga jirgin fasinja ya zo wucewa. Wani dattijo a ciki ya ce an gaya masa akwai ɗan boko a nan, ga wasiƙa daga ɗansa soja, kwana goma yana yawo da ita. Jirgin cike da mutane, har da 'yan mata, duk suka zuba mini ido. Akwai iska, takarda na son hannu biyu. Na ce a raina ai minti biyu ne. Na ɗaure igiyar a katakon da nake zama a kai, na miƙe tsaye, na gyara murya. Ban tsaya ga karantawa kawai ba, har da fassara da ƙarin bayani, ana ta “Allah ya yi albarka.”

Da suka wuce na duba, sai na ga kumfa tana fitowa da yawa a wuri ɗaya. Na yi maza na kwance igiyar na riƙe. Jim kaɗan ya ɓullo, wuƙa a hannunsa, guntun raga a naɗe a wuyan tulun, jini na bin yatsunsa. Ya kama gefen jirgi ya daɗe yana haki.

Ya ce, “Na ja sau uku.”

Na ce, “Ban ji ba, Baba. Tana hannuna kuwa. Ko ta maƙale a reshe ne?”

Ya dube ni, ya hau jirgi muka koma gaɓa. Washegari matarsa ce ta shiga jirgi ta riƙe masa igiya. Ni aka ce in zauna in taya Kaka bandar kifi.

Kwana tara na yi ina fama da hayaƙi. Babu wanda ya zage ni, ba a rage mini tuwo ba, abin da ya fi damuna ke nan. Kullum da yamma hadari na ƙara haɗuwa a gabas. Kaka ba ta jin Hausa sosai, amma takan yi ta ba ni labarin dutsen, yadda tsakiyarsa ta lotsa daidai hannun uwarta. Rana ta tara ta tsaya da juya kifi ta ce, “Kai, ɗan nan, cikinka akwai magana. Tana wari fiye da kifin nan. Je ka zubar.”

Na same shi a gaɓa yana wanke gilashinsa. Na durƙusa na ce, “Baba, ɗaure ta na yi. A katako. Wasiƙa na tsaya karantawa.”

Ya ce, “Na sani tun ina ƙasa. Hannun mutum yana ba da kai in an ja, katako ba ya yi.” Ya ci gaba da wanki. “Ba ɗaurin ne ya sa na ajiye ka ba. Ni ma na taɓa yin barci da igiya a hannu, Bature ya mare ni. Amma kai ka dubi idona ka ce tana hannunka. To in na saukar da kai, ka ja sau ɗaya ka ce lafiya, ta yaya zan san lafiyar ce? A can ƙasa ba ni da ido sai abin da ka gaya mini.”

Ya miƙo mini igiyar ya ce, “Gobe da safe. Ko sarki ne ya kawo wasiƙa, ya jira.”

Mako guda na riƙe masa kamar raina ne a ciki. Sannan wata safiya, bayan an yi yayyafin farko, ya ce yau ne ko kuma sai baɗi. Muka ɗaure jirgi a reshen tsamiyar, da masunta biyu da za su taya ja. Ya goya mini tulu, ya ɗaura mini ɗamarar dalma da hannunsa, ya ba ni igiya ta biyu ta ɗaure dutse. Na yi bisimilla na sauka.

Zurfin bai fi gaba huɗu ba, amma wata duniya ce. Komai kore-kore, babu ƙara sai numfashina. Na bi gangar tsamiya a hankali ina hura kunne. Ɗakuna sun narke sun zama tsibin laka, ga wata randa a kife, ƙananan kifaye na shiga suna fita. Wani babban giwan ruwa ya zo ya dube ni ya wuce abinsa kamar maigidan wurin. Na ga dutsen inda aka kwatanta mini. Don ɗoki na faɗa masa da ƙarfi, sai laka ta tashi, nan take duhu ya rufe ni. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Numfashina ya fara sauri.

Daidai nan na ji ja ɗaya a ƙuguna, yana tambaya. Wallahi hannuna ya tafi zai maida ja ɗaya, don kada a ce ɗan birni ya tsorata. Na tsaya. Na ja sau uku.

Uku suka dawo mini nan da nan, igiyar ta ɗan ɗame, ba ta fizge ni ba. Ta nan na gane inda sama take. Na ji hannun mutum a ɗaya bakin, yana bina kaɗan-kaɗan kamar yadda ya faɗa. Na rungumi dutsen na zauna ina ƙirga numfashi har lakar ta kwanta, haske ya dawo. Sannan na ja sau ɗaya, wannan karon da gaskiyata. Na ɗaga gefen dutsen da gwiwa, na zura igiya, na ƙulla yadda ya koya mini, na hau ina bin bayan kumfata.

Da na cire tiyo abin da ya fara cewa shi ne, “Ka ji tsoro?”

Na ce, “Sosai, Baba.”

Ya ce, “Madalla. Yanzu ka fara iya nutso.”

Mu huɗu muka jawo dutsen, jirgi na tangaɗi, masunta na yi mini tsiya wai goyon tulu ya fi alƙalami karɓata. Kaka na jira a gaɓa. Ta zuba masa ruwa, ta shafa lotsawar da tafin hannunta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, “To, ina ɗan dutsen? Da me zan niƙa, da goshinka?” Washegari na sake sauka na lalubo shi a gindin randa. Tuwon da muka ci ranar ban ji bambancinsa da na kullum ba, amma ita ta ce babu yashi, kuma ita ta sani.

Kwana bakwai da na ce sun zama wata huɗu. Na yi nutso da yawa bayan wannan, har ruwan damina ya rufe gani, na ɗauki jakata na koma Kontagora, a mota wannan karon. Na tarar da mahaifina a zaure. Na riga na shirya masa labarin rashin lafiyar gwaggo tun a hanya, amma da na durƙusa sai na gaya masa komai, har da igiyar. Ya saurara har na gama. Ya ce gwaggona ta aiko masa tun makon farko, yana jira ne ya ji da wane baki zan dawo. Sannan ya ce in matso in nuna masa yadda ake ƙulla igiyar da ba ta kwancewa a ruwa, don ta gugan rijiyarmu kullum sai ta zame.