Akwatin da Eirlys Ta Nuna wa Ƙaninta

Maƙwabciyata Eirlys girki ta yi wa 'yan makarantar ƙauyenmu har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun tafi Cardiff, sai ita da ƙaninta Idwal, wanda ta goya tun yana cikin tsumma. Shi kajin daji yake kiwata wa maharba.

Shekarar da aka kawo bele daga Scotland aka sake su a dajinmu, Eirlys ta sami abin yi. Bele ɗin nan dai kamar tunku take, sai dai a bishiya take kwana, kuma tun zamanin kakanninmu aka ƙarar da su a yankinmu. Eirlys ta shiga aikin sa-kai wurin masu binciken da ke bibiyarsu, tana shafa tunkuza a kututture don jawo su, tana yawo da na'urar da ke jin kukan abin wuyan da aka ɗaura musu. Mun yi ta tsokanarta cewa ta sake buɗe kicin, ta ce waɗannan ko ba komai ba sa raina girki.

Da yawa cikin belen ba su kai bazara ba. Mota ta take wasu, wasu suka ɓace. Mace ɗaya ce ta haihu a ɓangarenmu, cikin akwatin katako da aka kafa a bishiya. Masu binciken suka ce kada a faɗa wa kowa wurin. Amma Eirlys ta san Idwal na ɗana tarko saboda dabbobin da ke cinye masa kaji, sai ta kai shi har gindin bishiyar don ya kauce mata. Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ba a jima ba na'urar ta daina nuna daji. Eirlys ta bi kukan ta gangara, ta tsallake rafi, har ƙofar rumbun Idwal. Abin wuyan macen na rataye a ƙusa.

"Haba Yaya, a kan dabba?" in ji shi. "Da ba ki nuna min ba ma da na sha wahalar nema."

Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Ni na riƙe mata tsani ta hau ta buɗe akwatin. 'Ya'yan sun riga sun yi sanyi.

Ta miƙa wa masu binciken abin wuyan, ta ce a bakin titi ta tsince shi. Bana wata macen ta haihu. Na tambayi Eirlys ta wane ɓangare, sai ta ɗora min shayi ta kama hirar ruwan sama.