Gabar da Yaya ta manta

Yayata mace ce da ba ta mantuwa. In ka ɓata mata rai ranar suna, har jaririn ya yi gemu tana tuna maka. Shi ya sa da korona ta kwantar da ita, ta tashi kanta a cushe, muka rasa ko jaje za mu yi ko hamdala.

Tari da zazzaɓi sun tafi, amma kalmomi suka riƙa kuɓuce mata. Buta ta koma "abin nan", mijinta ma wani lokacin "abin nan" ne. Sai ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa me ya kawo ta. Abin da ya fi ci mata rai salla ce, ta kan rasa a raka'a ta nawa take, ta sallame da hawaye. Likita ya ce ba hauka ba ne, ba kuma jifa ba. Ciwon kan bar wa wasu haka, a hankali yake washewa.

Dab da kwanciyarta sun yi faɗa da Hajiyar da muke katanga ɗaya a Goron Dutse, kan ruwan kwata, har suka daina gaisawa. Wata rana Yaya ta sauke dambu, ta zuba a kwano, ta yafa mayafi, wai za ta leƙa Hajiya. Na so in tuna mata, sai na ƙyale ta ta tafi. Can muka jiyo dariyarsu ta katanga.

Da ta dawo ta zauna, sannan ta dube ni.

"Ke, kamar muna gaba da matar nan ko?"

Na ce an yi haka. Ta tambaye ni wa ke da gaskiya.

"Ke mana, Yaya. Har haƙuri ta aiko a ba ki kina kwance."

Ta gyaɗa kai, ta ce dama ta sani. Da yamma na zaga na raɗa wa Hajiya cewa dambun nan ban haƙuri ne, kunya ce ta hana Yaya faɗa. Hajiya ta ce ai komai ya wuce.

Bayan wasu watanni kan Yaya ya fara dawowa daidai. Ran nan Hajiya tana yi mata kitso a tsakar gida, sai Yaya ta harare ni ta ƙasan hannun Hajiya, ta tambaye ni wa aka aiko da haƙurin nan. Na dafa goshi na ce ni ma na yi mura a lokacin, wallahi abubuwa da yawa sun ɓace mini.