Kawu Lumir a Ɗakin da Babu Tebur

A gyara zama, a cire hula, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Lumir Hanzal nan tafe, sarkin famfon giya na mashayar Baƙin Rago, gwarzon da ya yi shekara arba'in da tara yana zuba wa ƙauyenmu giya ba a taɓa kama kumfarsa ta gaza yatsa uku ba. Mai hanci, mai harshe, mai tumbi. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ne a duniya ya taɓa korata daga aiki sau biyu a yini guda, wai don na goge tambulan da tsumma.

Yana da shekara goma sha shida ya shiga Baƙin Rago. Shekara uku ya yi yana wanke tambulan a ruwan sanyi kafin a bar shi ya taɓa famfo, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin shekara ukun nan, ko yana so ko ba ya so. A nan ya tsufa. A nan ya ga Blažena, mai dafa abinci a makarantar firamare, ta zo da tulu sayen giyar babanta, ya cika mata har ya zube a takalminta, suka yi aure a lokacin kaka.

Hancinsa ne ya yi masa suna. Idan aka sauke ganga, sai ya zuba kaɗan, ya kai hanci, ya ce wa direba, "Ka tsaya cin abinci a hanya, ka bar motar a rana." Direba ya yi tsuru-tsuru. Ya taɓa korar wani baƙo daga birnin Prag saboda ya juye ragowar tsohuwar giyarsa a cikin sabuwa. Jaridar lardi ta buga hotonsa riƙe da tambulan, aka yi wa hoton gilashi aka rataye a saman famfo, inda a da hoton shugaban ƙasa yake.

Sai zazzaɓin nan da ya kulle duniya a gida ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi garau, ya ci, ya sha. Wata safiya yana zaune a kicin yana karanta jarida, Blažena ta shigo a guje daga lambu tana ihu, "Yesu da Maryama, albasata!" Tukunya ta ƙone ƙurmus, taku biyu daga kujerarsa. Ta dubi tukunya, ta dubi mijinta. Shi ma ya dubi tukunyar. Ta buɗe taga.

Ɗaci yana ji, sanyi yana ji. Ƙamshi kuwa ya tafi bai yi sallama ba.

Wata biyu bayan haka ya ajiye aiki, ya ce gwiwa ce. Duk ƙauyen sun san mai ciwon gwiwa a gidan nan ba shi ba ne, Blažena ce, amma wa zai yi musu da mutumin da hotonsa ke bango? Sai dai barin aiki bai raba shi da mutane ba. Kowace Juma'a yana teburin 'yan gida, kuma duk sabuwar gangar da aka buɗe, shi ake fara turo wa. "Pan Hanzal, yaya ka ji ta?" Pan ɗin nan shi ne Malam a wajenmu.

To kun san yadda ake yi. A gwara tambulan, a kalli juna cikin ido, a ƙwanƙwasa ƙasan tambulan a kan tebur, sannan a kai baki. Blažena, wadda ƙaramar giya ɗaya take sha ta yini a kanta, sai ta ɗauki wata ɗabi'a: ta fara kai hanci ga kumfa kamar mai duba ko ƙuda ya faɗa. Idan giyar lafiya lau ce, ta ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya kamar kowa. Idan da matsala, sau biyu. Shi kuma sai ya kurɓa, ya lumshe ido, ya juya harshe, ya yanke hukunci. Sauran bayanin yana cikin kansa tun da can.

Ba su taɓa yin maganar ba. Bai roƙe ta ba, bai kuma gode mata ba. Shekara biyu suna haka.

Da ya cika saba'in, 'yarsu Zdislava ta kama musu ɗaki na mako guda a duwatsun yankin Morabiya, ta rubuta musu jerin ƙananan gidajen dafa giya guda shida, kowace rana ɗaya. "Baba, je ka koya musu," ta ce. Ya so ya ƙi, ya rasa dalilin da zai faɗa. Suka loda tsohuwar motarsu Skoda suka kama hanya.

Biyar ɗin farko sun tafi sumul. Yaran zamani masu gemu da zane a damtse suna jera musu ƙananan kofuna a kan katako, wata mai lemo, wata baƙa ƙirin, wata an jefa mata ganyen da ban san sunansa ba. Blažena na ƙwanƙwasawa, Lumir na hukunci. A gida na uku har ya ce wa mai wurin, "Wannan ai shayi ne da ya ɓata hanya." Aka yi dariya, aka ɗauki hoto da shi. Tumbinsa ya ƙara fitowa.

Ranar Alhamis da hantsi suka isa gida na shida, a ƙauyen Olšinka. Gidan giyar tsohon rumbun hatsi ne, a farfajiyarsa 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauyen suna ta jera bencina. Ranar Asabar ƙungiyarsu za ta cika shekara ɗari. Mai dafa giyar, wani siriri mai suna Dalibor, yana ganin Lumir ya saki tiyon da ke hannunsa.

"Pan Hanzal! Na Baƙin Rago! Ina ɗalibi na taɓa shiga jirgin ƙasa awa uku don in sha daga hannunka."

"Ka bar ragowa?"

"Ko ɗigo."

"To kai ɗan kirki ne."

Dalibor ya matso, ya rage murya. Ya dafa wa 'yan kwana-kwana giya ta musamman, tanki guda, tana ƙasa tana kwance. Yau da la'asar zai raba ta da yis ya zuba a ganguna. "Amma hankalina bai kwanta ba. Jiya na ji kamar da wani abu, yau ban ji ba. Na yi wata ina kwana da ita, hancina ya saba. In ka ce ta yi, ta yi."

"Mu je," in ji Lumir, ya juya ya miƙa wa Blažena hannu.

Sai ya ga matakalar. Ta ƙarfe ce, tsaye ƙiƙam, tana gangarawa cikin rami. Blažena ta leƙa, ta dafa gwiwa.

"Ni da wannan? Sai dai in za ku ɗauko ni da motar kashe gobara."

"A hauro da giyar nan sama mana," Lumir ya ce, muryarsa ta ɗan sirance.

"Haba, Pan Hanzal," wani ƙato mai gashin baki ya ce, shugaban 'yan kwana-kwanan ne, Pan Kudrna. "Kai ne fa aka ce ka ce giyar tanki a gindin tanki ake shanta. Har nan maganar ta iso."

Shi ɗin ne ya faɗa. Ya faɗa ya fi sau ɗari.

A ƙasa akwai sanyi, da tankuna huɗu, da ƙwan lantarki guda. Lumir ya waiga hagu, ya waiga dama. Babu tebur. Ko da akwai ma, babu mai ƙwanƙwasa shi. Dalibor ya murɗa ɗan famfon jikin tanki, ya cika tambulan, ya miƙa da hannu biyu.

Lumir ya ɗaga ta ga haske. Launin zinariya, kumfa ta zauna daram. Ya kai hanci ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Ba komai. Kamar ya shinshina gilashin taga. Ya kurɓa: sanyi, ɗaci, ɗan zaƙi can baya. A ɗakin da ruwa ke neman daskarewa, gumi ya keto masa a ƙeya. Kalma shida kacal yake buƙata, ya ce yaro, hancina ya mutu, kira matata. Ya dubi Dalibor, ya ga idon mutumin da ya yi awa uku a jirgi.

Ya lumshe ido, ya juya harshe.

"Zuba ta," ya ce. "Ko a bikin 'yata zan bayar da wannan."

Dalibor ya rungume shi. Da suka hauro, 'yan kwana-kwana suka yi tafi. Aka cika musu kwalba guda daga tankin, kyauta, su tafi da ita.

A masauki, da rana tsaka, Blažena ta yanka burodi da cuku mai albasa, ta ɗauko tambulan biyu ta ɗauraye da ruwan sanyi, ta zuba. Lumir yana ta surutu a kan hanyar da za su bi gobe. Ta kai hanci ga kumfa. Suka gwara. Ta ƙwanƙwasa tebur.

Sau biyu.

Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaga tambulan. Ta sake ƙwanƙwasawa, sau biyu, da ƙarfi har cokali ya yi tsalle.

"Za ki fasa musu tebur."

"Man shanu, Lumir. Kamar an narka man shanu a ciki. Tun daga bakin kwalba na ji."

Karo na farko ke nan cikin shekara biyu da aka faɗi abin da baki. Kunnuwansa suka yi ja wur. Ya kafa wa burodi ido.

"Ƙila kwalbar ce."

"Tsoho."

"'Yan kwana-kwana ne fa. Bayan kofi uku ko ruwan wanki aka ba su..."

"Ƙauye shida za su zo. Sunan yaron nan ne a jikin gangar, ba naka ba."

Ya san sauran, ya fi ta sani. Giyar da ke warin man shanu, in aka bar ta a kan yis ɗinta kwana kaɗan, yis zai shanye warin. In aka raba su, shi ke nan, haka za ta mutu. Kuma da la'asar za a raba su.

"Ke ki kira shi. Ki ce ke kika ji wani abu."

"Ni wa? Mai dafa wa yara miya? Bayan Pan Hanzal mai hoto a jarida ya ce a zuba?" Ta tura masa makullin mota. "Ni na gaji da buga tebur. Hannuna ciwo yake."

Kilomita huɗu ne zuwa Olšinka. Blažena ta ce min a hanyar nan har keke ya wuce su.

Sun tarar an jera ganguna a farfajiya, Dalibor yana haɗa tiyo, 'yan kwana-kwana sun kai goma sha biyar suna ɗaura tutoci. Lumir ya so ya ja shi gefe, amma Pan Kudrna ya riga ya hango shi.

"Ga maigida ya dawo neman ƙari! A ba shi benci!"

Lumir ya cire hula. Ya tsaya a tsakiyar farfajiya yana murza ta.

"Kada ka zuba," ya ce. "Tana warin man shanu."

Dalibor ya yi sororo. "Amma ɗazu ka ce..."

"Ɗazu ƙarya na yi. Ban ji komai ba. Shekarata biyu ba na jin ƙamshin komai." Ya nuna mota da hular. "Ita ce take ji. Ni baki ne kawai."

Wani saurayi ya fara dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Lumir ya ce daga baya da ma sun yi dariyar gaba ɗaya, da ya fi sauƙi.

Dalibor ya sauka rami, ya hauro da tambulan, ya wuce ta gaban Lumir, ya kai wa Blažena har bakin mota. Ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Ɗumama shi kaɗan a tafin hannunka, ɗana, sai ka sake ji." Ya ɗumama, ya ji, ya zagi kansa.

"Ka bar ta a kan yis," Lumir ya ce a hankali, idonsa a ƙasa. "Ka rage sanyin tankin. Kwana biyar, ko shida."

"Asabar fa?" in ji Pan Kudrna.

"Ku sha giyar da kuka saba, ta kullum."

"Shekara ɗari muna shan ta kullum!"

Haka suka sha ta kullum ɗin. Giyar bikin ta fito bayan mako guda, an ce ta yi kyau. Dalibor ya aiko da kwalba biyu har gida, a jikin kwalin an rubuta sunan Pani, wato Malama, Blažena Hanzalova, ita kaɗai.

Labari ya riga Skoda isowa ƙauyenmu, don ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan yana auren ƙanwar mai kai mana wasiƙu. Juma'ar farko Kawu bai je Baƙin Rago ba. Ta biyu ya je, ya hau kujera da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya sauke hoton da kansa. Yanzu idan an buɗe sabuwar ganga, gaban Blažena ake turo ta, shi yana gefe yana duba ko kumfar ta kai yatsa uku. Wannan dai ido ne, ba wanda zai ƙwace masa.

Shekaranjiya na same shi a bayan gida yana ɗauraye kwalaben nan biyu a famfo. Na tsaya a kansa, na gyara murya, na karanta masa farkon abin nan, tun daga a cire hula har zuwa mai tumbi. Har da ɗaga hannu.

"Yaya, Kawu? Ya yi?"

Bai ɗago ba.

"Kai wa Blažena," ya ce. "Kuma matsa, ka tare min haske."