Maƙabartar da Teku Ya Cinye

Malam Sanda ya shekara ashirin yana ɗaukar kaya a wani sito a Greensboro, a Amurka. A ƙaramin garinsu na bakin teku a Gana, mahaifinsa ne mai haƙa kabari a zangon Hausawa. Ba a rubuta suna a kabari a can, amma Sanda ya haddace makwancin kowa.

Bara teku ya cinye maƙabartar. Sai ya zana ta a bayan kwali, kowa da sunansa, zai aika wa masuntan garin.

'Yarsa Afnan ta ce, "Baba, ai duk ruwa ne yanzu."

Ya ɗago a fusace. "Kullum ta kan kabarin kakarki masuntan suke wucewa. Haka za su yi ta wucewa, ba sallama?"