Haure da Turmina

Turmin haƙorina na hagu ya hana ni sakat tun shigowar zafi, kuma ba na son a cire shi. Motar kaya nake tuƙawa a nan ƙasar waje, a Birnin Masana'antu na Biyu, shayi mai sukari da dabino ne abokan tafiyata. Da yamma in koma ɗakina a unguwar Gubaira, in dafe kunci, ba mai ce mini sannu. A irin wannan zaman ne kakata Tasalla take faɗo mini a rai.

Muna yara, bayan an ci tuwo mukan kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka, ita kuwa ba ta da haƙoran taunawa. Takan harare ni ta ce, "Matso, angona mai kwaɗayi, ga wata tatsuniya nan tafe, taka ce."

Wai wata giwa ce mai farin haure, ƙwaro ya roƙe ta mafaka a wata 'yar tsaga ta hauren, zai riƙa biyan ta da zuma. Ta ji zaƙi ta yarda. Ƙwaro ya hayayyafa, 'ya'yansa suna kwashe ƙarfin hauren ta ciki, waje kuwa fari fes. Ran da ta zo ture bishiya, haure ya ruguje kamar busasshiyar fura. "Sai ta tsaya tana kallon garinsa a ƙasa," in ji Kaka, ta kaɗe zaninta. Mu kuwa dariya har da faɗuwa.

Da ciwo ya ci ƙarfina na je wurin wani likita Basudane. Ya leƙa, ya girgiza kai. "Shuf, ya akhi, duba nan ɗan'uwa, a ƙarƙashin farin ɓawon nan akwai dantin, shi ne jikin haƙori. Hauren giwa ma shi ne. Ƙwayoyin cuta suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya narkar da sinadarin kalsiyam ɗin da ke ba shi tauri." Ya sa wani ɗan cokali ya kankaro, abin ya fito kamar jiƙaƙƙen burodi.

Na ce, "Likita, a cike shi mana."

"Cikon ya tsaya a kan me? Haƙorin ya yi laushi har gindi. Da wani ya kawo ka da wuri, da mun cece shi."

Ya cire.

Ina yaro na ɗauka kashedin zaƙi kawai Kaka take mini. Sai da na fito da auduga a baki na tuna na taɓa tambayarta me ya sa ba wanda ya faɗa wa giwa haurenta yana lalacewa. Ta ce, "Ta bar garke tana kiwo ita kaɗai, wa zai leƙa bakinta?" Na zauna a mota, kewar gida ta kama ni har na yi hawaye. Sannan na tofar da jini, na tayar da injin, don kaya suna jira.